A BAYYANA RANAR BIYA KAFIN A CI TARA

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma bashin zamani, na katin banki da na kamfanonin da ke ba da rance ta waya, ya zo da wani salo wanda ya kamata 'yan Arewa mazauna Legas, Ibadan, Anaca da Fatakwal su lura da shi, watau tarar makara.

Ɗan kasuwar Gella, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, wanda ke ɗora shanu daga kasuwar Mubi zuwa Kudu, yakan kwana biyu ko uku bisa hanya, sa'an nan ya jira dillalai su haɗa masa kuɗinsa. Idan wa'adin biya ya cika yana cikin wannan hali, tara ta hau kansa. Sau da yawa kuwa ranar tana binne cikin ƙananan baƙaƙe na Turanci, ba a karanta masa ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Ƙa'idar cajin bankuna da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da ita ran 1 ga Janairu, 2020, ta ƙayyade tarar makara kan bashin naira: kada ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata na abin da ba a biya ba, ban da kuɗin ruwa, kuma ta ba da kwana 7 na sassauci. Ke nan wanda ya makara da naira 500,000, tararsa ta wata ba ta wuce naira 5,000 ba. Sai dai mutum nawa ne a zangon shanu suka san haka?

Amurka ta yi dokar katin bashi a 2009, wadda ta tilasta wa bankuna aika takardar lissafi aƙalla kwana 21 kafin wa'adi, ranar biya ta zama ɗaya a kowane wata, a kuma rubuta adadin tarar a fili. Babu abin da zai hana a yi irin wannan a nan.

Saboda haka lalle ne Babban Banki da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya su wajabta wa kowane mai ba da rance ya faɗi ranar biya da yawan tara da Hausa, da Fulatanci, da sauran harsunan ƙasa, a rubuce da kuma ta murya, ya kuma aika tunatarwa kafin ranar. Sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da shugabannin 'yan kasuwa su ma su wayar da kan jama'arsu.

Shi kuwa mai cin bashi, kada ya sa hannu sai ya ji rana, ya ji tara. In an zare masa fiye da ƙa'ida, ya kai kuka bankinsa, in ba a share masa hawaye ba ya wuce Babban Banki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.