Kwana biyu a kwazazzaban Filato: wa ke da ikon cewa a juya?

Da zarar damina ta ɗauke, hunturu ya fara leƙowa, sai ka ga matasanmu na Kano da Kaduna da Abuja sun fara haɗa kai don zuwa hawan dutse. A 'yan shekarun nan abin ya karɓu ƙwarai. A yi karo-karon kuɗin mota, a nemi tanti, kowa ya goya jakarsa, a nufi Filato ranar Juma'a da niyyar dawowa Lahadi. Ni dai ina murna da wannan. Yaron da ya tashi bai san komai ba sai kwalta da hayaƙin adaidaita-sahu, in ya je ya kwana a ƙasa, ya ɗauki abincinsa a gadon bayansa, ya ga yankin da kogin Kaduna da na Gongola suka faro, ya samu wani ilimi da ba a bayarwa a aji. Sai dai yanzu da yawansu sun ƙoshi da hawan tudun da ake gamawa kafin azahar. Maganar da ake yi ita ce a sauka cikin kwazazzaban da ke gefen tsaunin, a bi rafi daga sama zuwa ƙasa, a kwana a ciki, a ɓulle ta wancan ɓangaren. Wannan tafiya ce ta daban, kuma yadda nake jin ana shirya ta ne ya sa na ɗauki alƙalami a wannan makon.

Garin Jos yana zaune ne a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa ta kai mita 1,829. Ta kudu da yamma, tudun yankewa yake yi kwatsam, duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo a mota ya san haka. Ruwan da ya sauka a sama ta waɗannan gefuna yake zubowa, shi ya haifar da magangarun ruwa na Assop da Kwall da Kurra, da Farin Ruwa ta ƙaramar hukumar Wamba a Nasarawa, wadda ke faɗowa daga tsayin kusan mita 150. Shi ne kuma ya yi ta sassaƙar dutse shekara da shekaru har ya haƙa waɗannan kwazazzabai da ake sha'awar shiga. Ƙarfinsa ya kai a zamanin haƙar kuza, wajen 1929, aka kafa tashar lantarki a Kurra domin a ba wuraren haƙar wuta. Mai shirin shiga hanyar wannan ruwa da ƙafa ya riƙe wannan a ransa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a tsarin duka shi ne ranar Litinin. Kowa a ayarin yana da ofis ko shago ko lacca da ke jiransa, saboda haka ana cusa tafiyar da ta cancanci kwana huɗu cikin kwana biyu. Mu yi lissafi. Wanda ya bar Kano bayan sallar Juma'a, ya bi ta Falgore da Saminaka, ba zai isa Jos ba sai da almuru, kuma mai hankali ba ya ƙara gaba zuwa ƙauye da dare. Juma'a ta tafi ke nan. Ranar Lahadi dole a kama hanyar gida da rana tsaka idan ana son a tsallake dajin Falgore da sauran haske. Abin da ya rage shi ne Asabar ɗungurungum da safiyar Lahadi. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, a cikin kwazazzabo kuwa bangon dutse yana tare ta tun kafin nan, duhu ya riga ka isa masauki.

Masu hawan dutse suna da wani tsohon ma'auni da wani ɗan ƙasar Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar a 1892: a ba kowace kilomita biyar awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane hawa na mita 600. Amma wannan lissafin mai ƙarfi ne a kan hanya mai kyau. A cikin kwazazzabo babu turba. Za ka dafa wannan dutse ka ɗare wancan, ka cire jaka ka miƙa wa na gaba, ka zauna ka zame da mazaunai, ka tarar da tafki ya tare gaba ɗaya sai an hau gefe an kewaye. Kilomita ɗaya tana iya cinye awa guda cur. Taswirar waya ba ta nuna wannan, layi kawai take ja daga nan zuwa can. Shi ya sa in na ji ana cewa ai kilomita ashirin ce kacal, gabana yake faɗuwa.

Saboda haka, tun ana gida, kafin a sayi ko da kwalin ashana, a zauna a tsayar da lokacin juyowa. A ce: idan ƙarfe ɗaya na ranar Asabar ta yi ba mu kai wuri kaza ba, komawa za mu yi ta inda muka shigo, ko mu fita ta mafitar da muka riga muka sani. A faɗe shi a gaban kowa, kowa ya amsa. Amfanin tsayar da shi tun a gida shi ne, a can ciki babu mai iya yanke wannan hukunci da kai mai sanyi. An kashe kuɗi, an sha wahala, an riga an sanar wa duniya ana tafiya, kuma babu saurayin da yake son a ce shi ne ya karaya. Sai a yi ta cewa saura kaɗan har magariba ta yi a wurin da babu shimfiɗa, babu mafita.

To wa zai ce a juya? A ganina wannan iko na ɗan jagora ne, mutumin yankin, kuma a nan ne nake da ƙorafi a kan 'yan birni. Sau da yawa ana ɗaukarsa tamkar ɗan dako. A tsince shi a bakin ƙauye da safe, a yi ta ciniki da shi kan kuɗin da bai kai na man mota zuwa tasha ba, a ɗora masa jakar wanda ya gaji, sannan in ya yi magana a nuna masa waya. Alhali mafarauci ko manomi ko makiyayin da ya girma a wannan wuri, Birom ne ko Irigwe ko Ron ko Bafulatani, ya san abin da babu na'urar da ta sani: wane dutse ne ke da santsi ko da rani, wane kogo ne ƙudan zuma suka kama, ina ne mutum zai iya hawa ya fita idan abu ya ɓaci. Ka lura da shi in kun iso mararraba. Zai tsaya, ya dubi sama ta wajen da ruwan ya fito, ya dubi launin rafin, ya taka dutsen da ƙafa ɗaya ya gwada kafin ya ɗora nauyinsa. In ya juyo ya ce, “Samari, yau ba a bin nan,” amsar da ta dace ita ce, “To, Baba, ina za mu bi?” A nemo shi tun mako guda kafin tafiya, a biya shi kuɗin da ya dace da wanda aka damƙa wa rayuka, a ci abinci tare da shi, kuma a gaya masa a gaban kowa cewa maganarsa ce ta ƙarshe.

Babban abin da yake dubawa a sama shi ne ruwa. Ambaliyar kwazazzabo ba ta buƙatar a yi ruwa a kanka. Hadari na iya zubarwa can nesa a kan tudu, inda kake kuwa rana tana haske, ruwan ya tattaru daga ƙoramu da yawa ya shigo matsattsen wuri lokaci guda. A watan Agustan 1997 haka ta faru a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona ta Amurka, inda mutum 11 suka mutu saboda ruwan da ya sauka kilomitoci da dama daga inda suke. A Satumban 2019 ma ambaliya ta kashe mutum bakwai a kwazazzabon gandun Hell's Gate na ƙasar Kenya, har da ɗan jagoransu. Don haka daga Afrilu zuwa Oktoba a manta da wannan tafiya a Filato baki ɗaya. Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinta. Ƙarshen Maris ma akwai haɗari, domin hadarin farko ba ya sallama.

Ko da rani, in ka shiga, ka ɗaga kai ka dubi itatuwan gefen rafi. Za ka ga busasshiyar ciyawa da karare da tsummoki, wani lokaci har da silifa ɗaya, sun maƙale a rassa sama da tsayinka. Nan ruwan bara ya kai. Duk inda za a kafa tanti, ya kasance sama da wannan alama, komai daɗin yashin da ke ƙasa. In kuma ana cikin tafiya ruwan da yake garau ya fara yin ja, ganyaye da ƙirare suka fara wucewa, ko aka ji wata ƙara mai kama da ta babbar mota daga sama, a yar da jaka a hau gefe nan take. Ba a tsere wa ruwa ta hanyar da yake bi. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato, balle wanda ke goye da kaya.

Akwai kuma maganar da wasu ba sa son a yi, wato tsaro. Ƙananan hukumomin Riyom da Barikin Ladi da Bokkos da Bassa, inda yawancin waɗannan wurare suke, sun sha fama da hare-hare, na jajibirin Kirsimetin 2023 a Bokkos da Barikin Ladi kaɗai ya ci rayuka fiye da ɗari. Mutanen da suka ga irin wannan, in suka hangi baƙin samari goma da manyan jakunkuna suna saukowa daga dutse da magariba, ba yawon buɗe ido ne zai fara zuwa ransu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mu ma ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 bisa zato kawai ba. Saboda haka a fara da gidan mai unguwa ko dagaci, da rana, a gaishe shi yadda ya kamata, a faɗi ko su wane ne, daga ina, ina za a kwana, yaushe za a fito. A sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da 'yan bangan ƙauyen da za a ɓulla. Kada kowa ya sa kaya masu kama da kakin soja, adda ma a bar ta a hannun ɗan jagora. A kuma tambaya ko akwai dutse ko kurmin da al'adar mutanen ta hana baƙo shiga, in an ce akwai, a kiyaye. In mai gari ya ce wannan makon ba lafiya, magana ta ƙare.

Sauran shirin ba shi da wuya. Jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita, a tuna kuma kowace litar ruwa kilo guda ce. Ruwan rafi a tafasa shi ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa, domin shanu da mutane suna amfani da shi a sama. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi da gyaɗa sun fi gwangwanaye sauƙin ɗauka. A riƙe gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya yana farfaɗo da wanda gudawa ko zufa ta zuƙe. Takalmi ya zama wanda ƙafa ta saba da shi, sabo fil yana fitar da bororo tun kafin hantsi. Daren hunturu a Filato sanyi yana iya sauka ƙasa da digiri 10, rigar sanyi da bargo da busasshen kayan canji a cikin leda wajibi ne. Tocila ga kowane mutum ɗaya, kada a dogara da ta waya.

Maciji kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Gwargwadon gangarawa ƙasa mai zafi, gwargwadon kusantar kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, ga kasa, ga gamsheƙa. Kada a zura hannu a ramin dutsen da ido bai gani ba, a kakkaɓe takalmi da safe kafin a sa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafar tamau. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Amma ba kowane asibiti ne ke ajiye allurar dafin maciji ba. Kaltungo a Gombe da Zamko a Langtang sun yi suna a wannan aiki, sai dai dukansu da nisa daga gefen yammacin tudun, don haka a bincika tun kafin tafiya wane asibiti ne mafi kusa da ke da ita. Ɗauko mutum a kan hannu daga cikin kwazazzabo aikin mutum huɗu ne zuwa shida, shi ya sa tafiyar mutum biyu ba ta dace ba, ayarin mutum talatin kuma ba ya sauri.

A cikin kwazazzabo waya ba ta samun sabis, ko lambar gaggawa ta 112 ba za ta shiga ba. Don haka a bar takarda a hannun wani babba a gida: sunayen duk masu tafiya, ƙauyen shiga, ƙauyen fita, sunan ɗan jagora, lambar mai unguwa, da ainihin lokacin da in bai ji daga gare ku ba zai fara neman taimako. Ayarin da bai samu ɗan jagora ba, ko lissafin awanninsa bai fita ba, ya sauya akala zuwa duwatsun Shere. Cibiyar horar da shugabanci da aka fi sani da Man O' War, wadda ta faro tun 1951, tana da makarantar hawan dutse a can, da malaman da aikinsu ke nan. A yi hutun mako biyu ko uku ana koyon ɗaukar kaya da kwana a waje a hannunsu, sannan a nemi hutun kwana huɗu a cikin Janairu domin kwazazzabon.