Haddar Aku Ba Ta Farkar da Majinyaci

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a nan Garwa, tana shirin jarrabawar aikin allurar barci ta ɗakin tiyata. Darussa biyu sun hana ta sakat: ilimin magunguna da na yadda sassan jiki ke aiki. Da na ambata a shirina na rediyo, wani ya bugo ya ce ta haddace tsofaffin tambayoyi kawai, ai takarda ake nema.

Malam, ban yarda ba! A ce ƙarfe biyun dare an kawo mai naƙuda daga wani ƙauyen bakin Binuwai, ta zubar da jini. Awon jininta ya riga ya sauka. Propofol zai ƙara saukar da shi, ketamin kuwa yakan riƙe shi. Wadda ta haddace sunaye ba ta san dalili ba, wanne za ta zuƙa a sirinji? A yawancin asibitocinmu na Arewa babu ƙwararren likita a gefenta, ita ce wuƙa ita ce nama.

Mun yi murnar kafa Jami'ar Garwa a 2022. To ɗalibai, ku karanta don ganewa; malamai, kada ku sassauta tambaya. Gara ƙanwata ta faɗi bana da ta ci, 'yar wani ta kwanta ba ta farka ba.