Kantin Lafiya Ko Kantin Kwashe Albashi?

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. To, mun ji, mun yarda. Amma fa ba su taɓa cewa tsada magani ce ba. Nufina a nan in yi magana a kan wani irin ciniki da ya yi ƙarfi a ƙasashen Turawa, watau manyan kantunan nan da ke kiran kansu kantunan abincin lafiya, waɗanda kayansu ya fi na kowa tsada. Ni dai akawu ne, ban karanta ilmin likita ba. Aikina duba rasit da buga lissafi, sabo da haka tambaya ɗaya na iya: kuɗin nan da aka biya, me aka karɓa a madadinsa?

Uban tafiya cikin kantunan nan shi ne Whole Foods Market na Amurka. An buɗe shi a shekarar 1980 a birnin Ostin na jihar Tekzas, yana ɗan kanti guda. Ya yi ta haihuwa har rassansa suka wuce 500, kuma a 2017 kamfanin Amazon ya saye shi a kan dala miliyan dubu 13 da miliyan 700. Abin da a ke yabonsa da shi shi ne kayan da su ke kira oganik, watau amfanin gona wanda aka noma ba da takin zamani ba, ba da feshin magungunan ƙwari irin na masana'anta ba. Don tsananin tsadarsa, Amurkawa da kansu suka yi masa wani laƙabi wanda ma'anarsa ita ce Albashi Ɗungurungum. Ka ga ashe ba mu muka fara tsegumin ba.

Bari mu fara duba ma'auni, tun da ciniki a kansa ya ke tsayawa. A 2015 ma'aikatan hukumar kare masu saye ta birnin Niyok suka shiga kantunan nan, suka auna kaya iri 80 waɗanda aka riga aka ƙunshe, suka tarar nauyin da aka rubuta bai dace da abin da ke ciki ba. Akwai ƙunshin da aka ɗora wa mai saye kusan dala 15 a banza. Shugabannin kamfanin suka fito suka ba da haƙuri, suka ce kuskure ne, daga bisani suka biya dala 500,000 aka kashe magana. A shekarar nan kuma aka ga kwalbar ruwa a wani reshensu na Kalifoniya, an tsoma sanda uku na wani tsiro da a ke kira asfaragas, an sa mata kuɗi kusan dala 6. Da jama'a suka yi ca, aka janye ta, aka ce shi ma kuskure ne. Tun muna makarantar allo aka karanta mana makomar masu tauye mudu. Mai awo a kasuwa in ya yi haka, Sarkin Kasuwa zai ji labari. Hasken lantarki da sanyin ɗaki ba su mai da tauye mudu ya zama wani abu dabam.

Wani kanti kuma a Los Anjalas, mai suna Erewhon, ya wuce nan. A 2025 ya kawo sitiroberi daga Japan, irin ɗan jan 'ya'yan itacen nan da a ke nomawa a Filato, ya riƙa sayad da ƙwaya ɗaya tak kusan dala 20. Mutane kuwa suka yi ta saye, suna ɗaukar hoto da ita kafin su ci. Wanda ya yi haka ba lafiya ya je nema ba, so ya ke a san ya isa.

Mai karatu zai ce, to, bar batun ma'auni da na 'yan taƙama, shi abincin ai ya fi gina jiki. Wannan ma masana sun bincika. A 2009 hukumar kula da abinci ta Ingila ta sa masanan wata makarantar ilmin lafiya ta Landan suka tattara binciken shekara 50, suka ce ba su ga wani bambanci na a zo a gani wajen gina jiki tsakanin oganik da wanda ba oganik ba. A 2012 masanan Jami'ar Stanford ta Amurka suka duba bincike fiye da 200, su ma suka tsaya kusan inda na farko suka tsaya. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi horo da shi kuwa shi ne mutum ya ci ganye da 'ya'yan itace giram 400 ko fiye a yini, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Ba ta ce ga kantin da za a saya ba.

Ban ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba, don kuwa adalci ya wajaba ko a kan abokin gardama. Masanan Stanford ɗin nan sun tarar ragowar maganin ƙwari ta fi ƙaranci a kayan oganik, ko da ya ke a ɗaya ɓangaren ma ba safai ta kan wuce iyakar da doka ta yanka ba. Mu kuwa mun san wannan masifa da idonmu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, sabo da an sami maganin ƙwari ya yi yawa a cikinsa, irin gubar nan da ke cikin otapiyapiya, wadda wasu 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don gudun ƙwari. Tsoron guba gaskiya ne. Amma maganinsa shi ne hukuma ta tsaya ta binciki kowace kasuwa, ta hori mai laifi, ta koya wa manoma adana hatsi a buhun da iska ba ta shiga. In aka ce mai kuɗi ya je ya sayi mai tsabta, talaka ya ci abin da ya samu, an bar jaki ana dukan taiki.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni dariya, ya kuma fi ba ni takaici. In ka bi kantocin kantunan nan, wajen kayan da su ke kambamawa, me za ka tarar? Garin zogale, garin kuka, zoɓo, aya, da acca. Tarayyar Turai sai a 2008 ta yarda a sayad da garin 'ya'yan kuka a ƙasashenta, acca kuwa sai a 2018. Wani mashahurin kuku ɗan Senegal, Pierre Thiam, ya kai acca har cikin Whole Foods. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarar 2023 ta zama shekarar gero da danginsa. Watau abin da kakanninmu ke ci tun kafin zuwan Bature, abin da tsohuwa ke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli ta sayar a ƙofar gida, shi ne aka zuba a 'yar leda mai zane, aka yi masa suna, aka ninka kuɗinsa. Ban ƙi manominmu ya sami kasuwa a waje ba, ina ma murna. Abin da na ƙi shi ne ɗan boko ya ji kunyar kwaɗon zogale a gidan ubansa, sa'an nan ya je kantin Abuja ko na Ikko ya saye shi a gwangwani, yana alfahari.

To, bari akawu ya rufe littafi. Kuɗin da mutum ya ƙara a kantin nan ya tafi ga hayar gini a unguwar masu hali, da lantarki, da kwali, da talla, da ladan 'yan tsakiya. Kaɗan daga ciki ya tafi ga tsabta da kyakkyawar ajiya, wannan kam an ci halas. Wanda Allah ya hore wa, ya kuma san daɗi da sanyin wuri ya ke saye, kuɗinsa ne, ba mai hana shi. Amma kada a ruɗi mai ƙaramin albashi ya zaci lafiyar 'ya'yansa tana bayan gilashi, har ya ci bashi dominta, ko ya fid da rai ya ce ba rabonsa. Ya kai maigida, je kasuwa da sassafe, ka sayi alayyaho da rama da wake a hannun wanda ka san gonarsa. A wanke da kyau, a rage gishiri da sukari da lemon kwalba. Abin da ya saura na albashi a kai yaro makaranta da shi. Allah ya sa mu gane, amin.