Sunan gida ɗaya, hali daban: kafin ki sayi na'urar awon hawan jini

Yanzu gidaje da dama a Birnin Kudu da Gwaram suna ajiye na'urar awon hawan jini, musamman inda akwai mai ciki ko tsohuwa. Abu ne mai kyau. Sai dai saƙon da aka fi ba mai tafiya Kano ko Dutse shi ne "a sayo mini Omron", shi ke nan. To ai Omron sunan gida ne, 'ya'yan gidan suna da yawa, kuma ba halinsu ɗaya ba.

A cikin kowace irin wannan na'ura akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa ƙarama. Ita ce ke ba famfo umarnin hura iska, ta karanta motsin bugun jini, ta yi lissafi, ta fito miki da lamba. Masu ƙera irin waɗannan ƙwaƙwalen dangi-dangi suke yin su. Ga misali ATmega48 da ATmega88 da ATmega168 da ATmega328. A ido kamar tagwaye, har ƙafafunsu a jere ɗaya suke, amma ma'ajiyar ta farko kilobait 4 ce, ta biyu 8, ta uku 16, ta ƙarshe 32. Irin ta ƙarshen ce a kan allon Arduino Uno da ɗaliban kimiyya ke haɗa aikin makaranta da shi. Injiniya ba ya ɗaukar babbar don kawai babba ce. Aikin yake dubawa. In ƙarama ta isa, kuɗin babba asara ne. In kuma ya ɗauki wadda ta gaza, aiki ya tsaya a rabi.

Haka ke ma za ki yi a gaban mai kemis. Ki duba lambar da ke bin sunan. M2 Basic awo na ƙarshe kaɗai take riƙewa. M3 tana ajiye na mutum biyu, kowa 60. M7 Intelli IT kuma har tana tura sakamako zuwa waya ta Bluetooth. A ganina, ga yawancinmu wannan na ƙarshen ado ne. Littafi da biro sun isa, kuma su ne za ki miƙa mana ranar awo ba tare da neman caji ba.

Abin da ya fi damuna ma ba a cikin na'urar yake ba, a maɗaurin damtse yake. Na matsakaici yana ɗaukar damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 32, akwai kuma mai kaiwa 42. Ki ari tef ɗin tela ki zagaya tsakiyar damtsenki, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. In ya wuce santimita 32, wato kusan inci 12 da rabi, na matsakaicin ba naki ba ne. Maɗaurin da ya matse yakan ɗaga lamba fiye da gaskiya, sai ki kwana cikin fargabar ciwon da ba ki da shi, wata ma har ta ari maganin maƙwabciya. Wanda ya yi yawa kuma yakan rage lambar, kuma wannan ya fi haɗari. Ta ɗaurawa a wuyan hannu tana da sha'awa don ƙanƙantarta, amma da hannu ya ɗan sauka ƙasa da saitin zuciya lamba ta canja. Ki zaɓi ta damtse.

Mai ciki kuwa nata daban ne. Ba kowace na'ura aka gwada a kan masu juna biyu ba, kuma wasu kan nuna ƙasa da gaskiya ga wadda ciwon jijjiga ke shirin kamawa. Shi ya sa aka ƙera irin su Microlife CRADLE VSA, mai fitila kore da rawaya da ja, domin masu ciki a wuraren da likita ke nesa. Shafin STRIDE BP a intanet yana da jerin waɗanda aka tantance, har da na masu ciki. Ki rubuta cikakkiyar lambar da ke jikin kwali ki duba.

Duk wadda kika samu, ki tafi da ita ranar awo a gwada ta kusa da ta asibiti. A gida ki zauna ki huta minti 5, bayanki a jingine, hannu a kan tebur, ban da hira. Ki auna sau biyu. In kina da ciki kika ga 140 a sama ko 90 a ƙasa, a ranar za ki je asibiti. In ya kai 160 a kan 110, ko akwai ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska, ko ciwo a saman ciki, ba zancen jiran gari ya waye. Ke da ke Sara ko Basirka, ki fara da asibitin da ya fi kusa, su za su tura ki Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu in da buƙata. Kuma in waɗannan alamun sun zo, ki tafi ko da na'urar ta nuna lafiya lau.