Littafin Dariya Da Littafin Tausayi

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin iyaye da malamai, wani lokaci har tsakanin malaman su kansu. Waɗansu suna cewa karanta littafin labari ɓata lokaci ne, balle wanda ke sa dariya. In sun iske yaro ya raɓe a bayan rumbu da littafi, yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, sai su karɓe, su ce ya tafi ya yi lissafi. Waɗansu kuwa sun yarda yaro ya karanta labari, amma fa sai mai gargaɗi da wa'azi. Dukansu sun yi kuskure, kuma akwai littattafan Hausa guda biyu da suka isa su nuna haka, watau Ruwan Bagaja da Shaihu Umar.

Littattafan nan biyu tagwaye ne, dalili ɗaya ya haife su. A cikin 1933 wani Bature mai suna Rupert East shi ne shugaban Ofishin Fassara a Zariya. Ya duba ya ga ana koya wa yara karatun boko, amma in sun iya ba su da abin karantawa sai littattafan aji. Wannan kuwa kamar a ba mutum tulu ne a hana shi rijiya. Saboda haka aka sa gasa, aka ce malamai su ƙago labaru da Hausa. Aka zaɓi biyar aka buga, suka soma fitowa a 1934. Ban da biyun da aka ambata, akwai Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Sa'ad da Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja shekarunsa 22 ne, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Watakila shi ya sa ya san abin da ke kama hankalin yaro. Labarin Alhaji Imam ne, mutumin Kwantagora. Ɗan sarki ya kwanta ciwo, Liman ya ce ba abin da zai warkar da shi sai ruwan Bagaja, aka yi masa dariya aka kunyata shi a fada. Alhaji ya ji zafin wulakancin da aka yi wa mutumin da ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi alkawari ba zai zauna ba sai ya samo ruwan. A kan hanya ya gamu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Daga nan fa aka shiga ramuwar gayya. Yau Alhaji ya sa an kama Zurƙe, gobe Zurƙe ya sa an kama Alhaji, kowane gari suka haɗu sai ɗaya ya kwana da ciwon jiki. Yaron da ya kai wannan wuri ba ya bukatar a ce masa ya juya shafi. Ko an kira shi cin tuwo sai ya ce yana zuwa.

To, masu karɓe littafi suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa Alhaji mai wayo ne, yakan yi ƙarya, yakan cuci mutane, yaro kuwa zai kwaikwaye shi. Amma ai tun kafin a buga littafi ko ɗaya kakanni suke ba jikoki tatsuniyar Gizo da dare, Gizo kuwa ya fi Alhaji ha'inci. Ba a taɓa hana tatsuniya don wannan ba. Yaro ya san bambancin abin da ake yi wa dariya da abin da ake koyi da shi. Har wa yau, mai karatu yana gani da idonsa cewa duk ramin da Alhaji ya haƙa wa Zurƙe, wani yana jiransa a gaba.

Abin da masu hanawa ba su lura da shi ba shi ne ribar da yaron ke ci yana dariya. Da farko yana bin kalmomi da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya kai ƙarshen littafin ya daina sa yatsa, idonsa ya saba gudu a kan layi, don yana ɗokin jin abin da ya sami Zurƙe. Ya tsinci kalmomi da karin magana ba tare da an rubuta masa su a allo ba. Babu bulalar da za ta iya yin wannan aiki. Kuma idon nan da ya saba gudu shi ne zai karanta tambayar lissafi ran jarrabawa. Yawancin irin waɗannan yara daga Ruwan Bagaja sai su faɗa Magana Jari Ce, wanda Imam ɗin dai ya rubuta, na farkonsa ya fito a 1937. Littattafai uku ne cur, amma ba a jin yaro yana kukan sun yi yawa.

Shaihu Umar dabam ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta a Bauci, tun kafin ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Babu Zurƙe a ciki, babu abin dariya. Wani malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. An sace shi yana ƙarami a zamanin da ake cinikin bayi. Ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi da kyau, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwarsa kuwa ba ta haƙura ba. Ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ita ma aka kama ta aka sayar, aka ƙetare hamada da ita har Tarabulus. Can suka sadu bayan shekaru masu yawa, ta rame, ta tsufa, ba ta daɗe ba ta rasu.

Littafin tarihi yakan ce an kai bayi Tarabulus ta hanyar hamada. Layi ɗaya ke nan, yaro ya haddace ya wuce. Amma wanda ya bi matar nan daga gari zuwa gari, ya ga yadda ake miƙa ta daga hannu zuwa hannu kamar kaya, ba zai sake jin kalmar bawa yadda ya saba ji ba. Zai kuma dubi tasa uwar da wani ido. Yaron da ya tsaya kan littattafan dariya kaɗai ya yi hasarar wannan, hasarar kuwa ba ƙarama ba ce.

Sai dai kowane abu da lokacinsa, nan ne masu son wa'azi ke tuntuɓe. Sukan ɗauki Shaihu Umar su ɗora wa yaro ɗan shekara tara don sun ce ya fi tarbiyya. Yaron ya karanta shafi uku, ya ji nauyi, ya ajiye, wani ma ya ɗauka duk littattafai haka suke. Mafi muni shi ne a rubuta masa taƙaitaccen labarin a allo ya haddace don jarrabawa. Zai iya faɗin sunan garin da Umar ya zauna, amma bai ji tausayin kowa ba. In an bari ya kai shekara goma sha uku ko sha huɗu, ya riga ya sha Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, da kansa zai zauna ya gama shi, watakila ma a kwana biyu.

Har yanzu ana samun littattafan nan wurin masu sayar da littattafai a birane kamar Kano da Zariya, kuma a gidaje da yawa akwai tsohon kwafi a cikin akwati, bangonsa ya yage. Ɗan aji shida da ke da ƙane wanda ba ya son karatu yana iya gwada dabarar akun nan na Magana Jari Ce, wanda ya riƙa tsare ɗan sarki da labari don kada ya fita. Bayan sallar lisha ya karanta wa ƙanen Ruwan Bagaja da ƙarfi, har daidai inda Alhaji ya hango Zurƙe a wani sabon gari, sa'an nan ya rufe ya ce barci yake ji. In ƙanen ya matsa sai an ci gaba, sai ya miƙa masa littafin.