Idan Kwamfuta Ta Ce "Babu", Kada Mu Yi Saurin Yarda



A hutun da ya wuce na raka yayata wani shagon kwamfuta a Ƙofar Ƙaura domin ta ciro takardarta daga shafin wata makaranta. Sau uku ana saka sunanta, sau uku shafin yana cewa babu ita. Har ta fara hawaye. Can sai mai shagon ya cire hamzar da ke cikin "A'isha" ya rubuta "Aisha". Nan take takarda ta fito.

Me ya faru? Shafin intanet ɗan aike ne kawai. Sunayenmu suna can cikin rumbun bayanai, jere kamar rajistar aji. Malaminmu ya san Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne, amma kwamfuta harafi da harafi take gwadawa. Sifili da harafin O ma daban suke a wurinta. Sannan a harshen SQL, wanda ake tambayar rumbun da shi, wannan alama ta hamza ita ce ke nuna farkon rubutu da ƙarshensa. Idan mai tsara manhaja bai yi hattara ba, sai sunan Sa'adatu ya yanke a "Sa", tambayar ta lalace.

A ganina gyara na ɓangare biyu ne. Mu ɗalibai, mu riƙe rubutun suna guda ɗaya a ko'ina. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, saboda haka 'yan aji shida su gwada sunansu na NIN da na rajistar WAEC da NECO tun yanzu. Idan shafi ya ce babu, a bi a hankali: a duba lamba, a duba shekara, a duba suna, ana canza abu ɗaya a kowane gwaji. Haka masana ke gano inda matsala take. Kada a ba kowa kuɗi wai zai "nemo" sakamako.

Su kuma masu tsara shafuka, su riƙa gwada aikinsu da sunaye irin su Isma'il, Ƙanƙara da Ɗanmusa. Suna linzami ne, bai kamata kwamfuta ta tsinke mana shi ba. Amma wa zai tuna da ƙ da ɗ in ba mu ba? Mu dage da darasin kwamfuta.

Allah ya ba mu sa'a, amin.