Ghana: Masu zaɓe sun fara gajiya da Laima da Giwa

A duk lokacin da aka tashi maganar dimokuraɗiyya a Afirka ta Yamma, ƙasar Ghana ake fara kawowa misali, kuma ba a yi ƙarya ba. Tun daga 1992 da ƙasar ta koma mulkin farar hula an yi babban zaɓe sau tara, gwamnati ta sauya hannu daga wata jam'iyya zuwa wata har sau huɗu, a zaɓukan 2000 da 2008 da 2016 da 2024, kuma soja ba su sake kifar da gwamnati ba. To amma wanda ya duba alƙaluman zaɓen ranar 7 ga Disamba, 2024 zai ga wani abu da yabon ya lulluɓe: jama'a da dama sun fara gajiya da jam'iyyun nan biyu da ke karɓa-karɓar mulki, wato NDC mai alamar laima da NPP mai alamar giwa.

A zaɓen 2020 kimanin kashi 79 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito. A 2024 kuwa, ranar da hukumar zaɓe ta bayyana John Dramani Mahama a matsayin wanda ya yi nasara, kashi 60.9 ta ce sun kaɗa ƙuri'a. Ke nan cikin mutum fiye da miliyan 18 da ke da rajista, kimanin miliyan 7 sun yi zamansu a gida. Mahama na NDC ya samu sama da kashi 56, Dokta Mahamudu Bawumia na NPP ya samu kusan kashi 42. Abin lura shi ne ƙuri'un Mahama ba su ƙaru da yawa ba a kan miliyan 6.2 da ya samu a 2020, alhali NPP ta yi asarar ƙuri'u kusan miliyan 2 daga miliyan 6.7 da Nana Akufo-Addo ya samu a waccan shekara. Ma'ana, akasarin waɗanda suka yi fushi da Giwa ba su shiga inuwar Laima ba, kuma ba su ga wani na uku da za su ba amana ba.

Abin da ya kawo gajiyar

Kowace daga cikin jam'iyyun biyu ta bar wa talaka tabon da bai manta ba. A wa'adin Mahama na farko aka yi fama da ɗaukewar wutar lantarki da mutanen Ghana ke kira dumsor, wanda ya durƙusar da masu sana'a da yawa, har gwamnati ta je neman bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, a 2015. NPP ta hau mulki a 2017 da alƙawarin ƙasar za ta tsaya da ƙafarta ba tare da jiran tallafi ba, sai ga shi a Disamba 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54, gwamnati ta dakatar da biyan mafi yawan bashin da ake bin ta a waje, kana a 2023 ta koma wurin IMF ɗin ta karɓi rancen dala biliyan 3. Sidi, wanda a 2007 yake kusan kunnen doki da dala, a ƙarshen 2024 sai da aka ba da kusan 15 kafin a samu dala ɗaya. Ya farfaɗo a 2025, amma ɗan kasuwar da jarinsa ya narke a tsakani ya san abin da ya gani. Ga kuma haƙar zinariya ta barauniyar hanya da ake kira galamsey, wadda ta gurɓata koguna a ƙarƙashin gwamnatocin biyu, kowacce tana ɗora wa ɗaya laifi.

Majalisar dokoki ma ba ta taimaka ba. A zaɓen 2020 jam'iyyun sun tashi da kujeru 137 kowacce, da ɗan takara mai zaman kansa guda ɗaya. An yi zaton hakan zai tilasta musu zama su sasanta. Maimakon haka, a daren zaɓen kakakin majalisa a Janairu 2021 sai da sojoji suka shiga zauren, a Disamba na shekarar kuma 'yan majalisa suka ba hammata iska a kan harajin tura kuɗi ta waya da ake kira E-levy. An kafa harajin a 2022, gwamnatin Mahama ta soke shi a 2025.

Me ya hana na uku tasowa?

Abin tambaya a nan shi ne, in jama'a sun gaji, me ya sa ba su zaɓi wani ba? A 2024 Nana Kwame Bediako, matashin attajirin da ya ja hankalin samari, da Alan Kyerematen, tsohon ministan ciniki da ya fice daga NPP, duk sun tsaya, amma babu wanda ya samu ko kashi 1 cikin ɗari. Jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah, wadda ta karɓo wa ƙasar 'yanci, a zaɓen 2008 kujera ɗaya tak ta samu, ta 'yarsa Samia. Daga zaɓen 2016 zuwa na 2024 babu wata ƙaramar jam'iyya da ta ci ko kujera guda.

Dalili na farko shi ne tsarin zaɓen kansa, wanda Ghana ta gada daga Ingila. An raba ƙasar mazaɓu 276, kuma a kowace mazaɓa wanda ya fi yawan ƙuri'a, ko da ɗaya ce, shi ke tafiya majalisa, sauran ƙuri'un sun bi ruwa. Jam'iyyar da ke da kashi 10 na jama'a a warwatse a faɗin ƙasa za ta iya tashi a tutar babu. A Ingilar ma haka abin yake: a zaɓen 2024 jam'iyyar Leba ta kwashe kujeru fiye da 400 cikin 650 da kimanin kashi 34 na ƙuri'u, Reform kuwa mai kashi 14 ta samu kujeru 5. Mai zaɓe ya san wannan lissafi, don haka ko yana son ɗan ƙaramar jam'iyya ba zai yi asarar ƙuri'arsa ba: ko ya zaɓi mai dama-dama cikin manyan biyu, ko ya buɗe shagonsa ranar zaɓe.

Na biyu, wanda ya ci shugabancin ƙasa ya kwashe komai. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ba shugaban ƙasa ikon zaɓo shugabannin ƙananan hukumomi, waɗanda yawansu ya kai 261, kamar dai kantomomi, da naɗa kusan kashi 30 na wakilan majalisun da za su amince da su. Kundin ya kuma ce mafi yawan ministoci su fito daga cikin 'yan majalisa, abin da ya sa ɗan majalisar jam'iyya mai mulki ke kallon bakin shugaban ƙasa maimakon ya sa masa ido. Wanda ba ya cikin jam'iyyar da ta ci ba shi da ko ƙaramar hukuma guda da zai riƙe ya nuna wa jama'a iyawarsa.

Na uku shi ne kuɗi. Kuɗin takardar tsayawa takarar shugaban ƙasa sidi 100,000 ne a 2020 da 2024, kuma doka ta ce sai jam'iyya tana da rassa a dukan jihohi da kashi biyu cikin uku na gundumomin kowace jiha. Wani bincike da cibiyar CDD-Ghana ta yi tare da gidauniyar Westminster ya nuna cewa kuɗin neman kujerar majalisa ya ƙaru da kashi 59 tsakanin 2012 da 2016. Wanda ya ci bashi ya shiga majalisa kuwa, an san wanda zai fara biya.

Inda abin ya shafi fatake da mutanen zango

Mai karatu da ke kai albasa daga Galmi, ko shanu kasuwar Ashaiman, ko yake ɗauko goro daga Kumasi ta Paga ko Aflao, zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwansa da tsaki kuwa. Dattawan zango ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba marasa takardun zama kwana 14 su bar ƙasar, dubban 'yan Nijeriya da Nijar da sauran maƙwabta suka tafi suka bar dukiyarsu. Da yake NPP daga tsatson siyasar Busia ta fito, unguwanni irin su Nima a Akra da Aboabo a Kumasi sun daɗe suna bayan NDC. NPP ta yi ƙoƙarin wanke kanta: ta ba Aliu Mahama da Bawumia mataimakin shugaban ƙasa, ta kafa ma'aikatar raya zanguna a 2017, ma'aikatar da aka rushe a 2021.

Sai dai a kan harkar kasuwa, duk kanwar ja ce. A 2013, zamanin NDC, aka yi dokar zuba jari da ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma sa wa baƙo mai son buɗe kamfanin ciniki sharaɗin jarin dala miliyan 1. A 2019 da 2020, zamanin NPP, da wannan doka aka kafa hujja aka riƙa kulle shagunan 'yan Nijeriya a Akra da Kumasi. Unguwar da jam'iyya ɗaya ta tabbatar ƙuri'arta a aljihu take, ɗayar kuma ta fid da rai da ita, ba ta da abin ciniki a hannu. Kowane bafatake ya san kasuwar da dillalai biyu kaɗai suka riƙe, farashin da suka yanka shi ne farashi.

Gyaran da ake nema

Masu neman gyara sun fi ba da ƙarfi a kan abubuwa uku. Na farko, a bar jama'a su zaɓi shugabannin ƙananan hukumominsu da kansu, domin ƙaramar jam'iyya ko mai zaman kansa ya samu inda zai fara. Na biyu, a rage ikon naɗe-naɗen shugaban ƙasa, a kuma sa ido kan inda jam'iyyu ke samo kuɗi. Na uku, a ware wani kaso na kujerun majalisa a raba su gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu a ƙasa baki ɗaya, ta yadda mai kashi 5 zai samu murya daidai kashi 5 ɗinsa. Ƙasar Lesotho ta bi wannan hanya bayan zaɓen 1998, inda jam'iyya ɗaya ta kwashe kujeru 79 cikin 80 da kimanin kashi 60 na ƙuri'u, aka yi tarzoma. Daga 2002 aka ƙara kujeru 40 na rabon gwargwado a kan 80 na mazaɓu.

Masu adawa da wannan ma suna da hujja. Suna cewa manyan jam'iyyun biyu ne suka tilasta wa ɗan Asante da ɗan Ewe da ɗan arewa neman juna, in aka farfasa su kowace ƙabila za ta kafa tata. Mutanen Nijar, inda aka daɗe ana rabon kujeru gwargwadon ƙuri'u kafin juyin mulkin 2023, sun tuna yadda ƙawancen jam'iyyu ya watse, aka shiga zaman doya da manja tsakanin Shugaba Mahamane Ousmane da Firayim Minista Hama Amadou a 1995, har Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki a Janairu 1996. Lesotho ita ma ta sha fama da gwamnatocin haɗaka masu saurin rushewa. To amma a Ghana shugaban ƙasa ba ya raba iko da firayim minista, kuma dole ya samu fiye da rabin ƙuri'u kafin ya hau, saboda haka ƙara 'yan kujeru ga ƙananan jam'iyyu ba zai kayar da gwamnati ba. Abin da zai yi shi ne ya sa manyan su riƙa neman yardar wani kafin su zartar da haraji ko su ci bashi.

Gizo ke saƙar a wajen aiwatarwa, domin waɗanda tsarin ke yi wa daɗi su ne za su gyara shi. Marigayi Shugaba John Atta Mills ya kafa hukumar duba kundin tsarin mulki a 2010, ta miƙa rahoto a 2011, aka ajiye. Akufo-Addo ya sa ranar 17 ga Disamba, 2019 don ƙuri'ar raba gardama kan shigar jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi, ya soke ta saura makonni biyu bayan NDC ta ce a kaɗa a'a. Muhimman sassan kundin ba sa gyaruwa sai kashi 40 na masu rajista sun fito, kashi 75 daga cikinsu sun amince, abin da ba zai yiwu ba in ɗaya daga cikin jam'iyyun ta juya baya. A Janairu 2025 Mahama ya kafa sabon kwamiti a ƙarƙashin Farfesa H. Kwasi Prempeh. A wannan karo yana da abin da magabatansa ba su samu ba: jam'iyyarsa ta ci kujeru fiye da 180 a 2024, shi kuma kundin bai ba shi damar sake tsayawa a 2028 ba, don haka ba shi da abin tsoro in ya rage wa kujerar iko.

Ghana tana maƙwabtaka da Burkina Faso, ba ta kuma da nisa da Mali da Nijar, inda aka ga matasa sun fito suna yi wa soja tafi saboda sun yanke ƙauna daga 'yan siyasa. Ba a kai nan ba a Ghana, kuma babu mai fatan a kai. Amma masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mutum miliyan 7 da suka ƙi fitowa a 2024 sun isar da saƙonsu cikin lumana. Ya rage wa Laima da Giwa su buɗe musu ƙofa ta uku tun kafin zaɓen 2028. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.